Cakulan uku, duk kashi 70, kowanne da halinsa

Lambar nan da ake bugawa a jikin takardar cakulan, kashi 70 ko 85 cikin 100, yawan kokon da ke ciki kawai take faɗa, ba ta san ɗanɗano ba. Na jera baƙin cakulan uku, duk kashi 70, babu madara a cikinsu, kuma kowanne kokon ƙasa ɗaya ne zalla: Madagaska, Ekwado da Ghana.

Na Madagaska ya fi kama ni. Kokonsa daga kwarin Sambirano yake, a arewa maso yammacin tsibirin, launinsa ma ya ɗan yi ja-ja. Da na ɓantare shi sai ya ce ƙas, bakin wurin sumul yana sheƙi, alamar an iya sanyaya shi bayan narkarwa. Kada a tauna. A ɗora a harshe a jira, don man koko yana narkewa ne a kusan digiri 34, ƙasa kaɗan da ɗumin jiki. Ɗaci ne ya fara zuwa, bai daɗe ba wani tsami mai daɗi ya taso, irin na lemo da jan inabi, har yawu ya tsinke. Babu ɗan itacen da aka zuba. Irin kokon ne, da ƙasar, da yadda aka bar ƙwayoyin suka tsumu na wasu kwanaki kafin a shanya su.

Na Ekwado, irin da ake kira Nacional, ƙamshin fure ne ke tashi tun kafin ya kai baki. Sai dai wanda na samu ya bar mini bauri a ƙarshe, harshe ya bushe. Ina zargin tsumin ne bai kai ba, kuma hakan ya ba ni haushi, don kokon ya cancanci fiye da haka.

Na Ghana kuwa masu yayi kan raina shi, wai ba shi da abin mamaki. Ban yarda ba. Ghana da Kodebuwa ke noma wajen rabin kokon duniya, a Ghana kuma ana tsuma shi ne a tsibi, a lulluɓe da ganyen ayaba. Ɗanɗanonsa cikakke ne, ga gardi, ɗacin a natse, kuma ya fi sauran daɗewa a baki.

Mai son gwadawa ya fara da na Ghana, ya kurkure baki da ruwa mai ɗumi, ya bar na Madagaska a ƙarshe, don tsaminsa kan danne wanda ya biyo bayansa.