Jama'a ku yi hattara da mai tallan fedar jita, ya ci min dubu 75

Naira dubu 75. Dubu 68 kuɗin feda, dubu 7 kuɗin mota. Har yanzu in na buɗe alat ɗin sai in ji kaina yana sarawa.

Masu kiɗan biki za su gane abin da nake faɗa. Ina amfani da Boss GT-1, na'urar sarrafa sautin jita, kuma fedar da ke jikinta, wadda ake takawa da ƙafa, na bar ta a kan ƙara da rage sauti. Ina son ta biyu da zan riƙa taka wah da ita, wato sautin nan da jita ke yi kamar tana cewa "wa-wa", don in kana tsakiyar kiɗa hannu biyu duk suna kan jita, ba ka da damar sunkuyawa ka murɗa komai. Akwai rami a bayan na'urar da aka rubuta CTL2,3/EXP2, nan ake sa ta. Feda ƙirar Roland EV-5 nake nema, ta hannu, sai ga wannan mutumin ya sa hotonta a wani zauren masu kayan sauti, wai shagonsa yana Alaba a Legas.

Kafin wani ya zo min da "ai kai ma ka yi gaggawa", ban tura ko sisi ba sai da muka yi bidiyo kol. Na ce ya juya ta in ga ƙasanta, ya juya. Na ce ya murɗa ɗan maɓallin gefen nan da ake saita ƙarancin sauti da shi, ya murɗa ina kallo. Na ce ya kawo kan wayar fedar, wanda ake sokawa a na'ura, kusa da kyamara, na ƙirga baƙaƙen zobba biyu da idona, kamar yadda kan wayar irin wannan feda yake. Biyu! Wane mai saye ne yake bincike ya wuce haka? Ga shi da Hausa a bakinsa tas, "haba maigida, ai mu 'yan gida ne, Allah ya kiyaye in ci haƙƙinka." Wannan maigidan shi nake ta ji a kunnena.

Abin da na ɗauko a tasha, an naɗe kwalin da salatif kamar da gaske, fedar sosten ce ta fiyano, wadda ake takawa don sauti ya daɗe, irin ƙaramar roba ɗin nan mai araha. Kan wayarta zobe ɗaya. Ita wannan ba ta san komai ba sai kunnawa da kashewa, babu abin da ke juyawa a cikinta da zai gaya wa na'ura ko ƙafarka tana sama ko tana tsakiya ko tana ƙasa. Wah kuwa a tsakiyar nan daɗinsa yake. Mai fiyanonmu ya ɗaga ta ya yi ta dariya, ya ce tasa ma ta fi ta nauyi. A gaban yara.

Na manta ban faɗa ba, tun da fari dubu 72 ya ce, na taya muka tsaya 68, har ina jin na yi ciniki. Kuma sunan asusun ya bambanta da nasa, ya ce na matarsa ne. Mutane nawa ne a ƙasar nan suke karɓar kuɗi ta asusun matansu? Dubu 7 ɗin ma daga baya ya kira, wai direba ya ƙi karɓar kaya sai an biya.

Da na kira shi ya ce yaron shago ne ya yi kuskuren kwali, gobe zai canza. Goben nan ce har yau. Yanzu ya yi bulokin ɗina, amma abokina ya duba, hoton EV-5 ɗin nan dai yana nan yana tallarta, ya ma ƙara mata kuɗi. Feda ɗaya tal yake nuna wa kowa.

Hirarmu, rasit, da hoton abin da ya aiko duk suna wayata, zan ɗora su da daddare in na rufe lambobin. Na kai ƙorafi banki, sun ce in kawo takardar 'yan sanda.

Kada ku tura wa kowa kuɗin feda sai naku ya je ya sa ta a na'ura ya taka. Dubu 75 fa, kuma ina da biki ranar Asabar.