Moq wajen kamo ƙimar da aka saka wa sifa

Duk mai rubuta manhaja da yaren C# da ke gwada kod ɗinsa guntu-guntu ya san Moq, laburaren da Daniel Cazzulino ya ƙirƙiro don ƙera abubuwan bogi da ke tsayawa a madadin na gaske. Na jima ina amfani da shi, amma kwanan nan na ɗora masa wani aiki takamaimai: ya kamo mini duk ƙimar da kod ya saka wa wata sifa (property, wato gurbin da abu ke riƙe ƙima), bi da bi.

Ajin (class) da nake gwadawa na biyan kuɗin oda ne. Yana sauya sifar Status ta odar daga "ana jira" zuwa "ana biya", sannan "an biya". SetupProperty, ɗaya daga cikin hanyoyin Moq, rabin aiki ta yi. Tana sa sifar ta riƙe abin da aka ba ta, amma na ƙarshe kaɗai za ka tarar. Kod zai iya tsallake matakin tsakiya, gwaji ya wuce sumul. VerifySet kuwa za ta gaya maka an saka ƙima kaza, har sau nawa, sai dai ba ruwanta da wace ta riga wace.

Wannan layin ne ya raba gardama:

oda.SetupSet(o => o.Status = It.IsAny<string>()).Callback<string>(s => jeri.Add(s));

Duk lokacin da aka taɓa Status, ƙimar na faɗawa cikin jeri, daga baya in kwatanta shi da abin da nake tsammani. In gwaji ya faɗi, ina ganin ainihin abin da ya shiga, ba sai na yi ta lalube ba.

Inda za ka yi hattara: idan sifar tana karɓar abu ne mai sauyawa, ba rubutu ko lamba ba, abin da ka kama nuni ne kawai zuwa gare shi. Kod ya canza shi daga baya, jerinka ma ya canza. Kwafe shi tun a cikin Callback. Sannan Moq bai iya kama sifar ajin da ba a sa mata virtual ba (alamar da ke ba ajin da ya gaje ta damar sauya ta), don ta hanyar gado yake ƙera bogin. Wannan ya tilasta mini fitar da intafes (interface, wanda Moq ke iya yi wa bogi kai tsaye) inda ban yi niyya ba.

NSubstitute, wani laburare mai irin wannan aikin, ya fi Moq daɗin karantawa, gaskiya. Amma ga wanda gwaje-gwajensa duk a kan Moq suke, ban ga dalilin ƙaura saboda wannan ba.