Wata Uku Da Files by Google: Abin Da Ta Share Mini Da Abin Da Ta Bar Mini

Ranar da 'yata ta saki kujera ta yi taku uku ita kaɗai, na zaro waya da rawar hannu zan ɗauki bidiyo, sai kyamara ta ce babu wuri. Kafin in laluba in goge wani abu in dawo, yarinya ta zauna daɓas tana dariyarta. Takun farko kuwa ba a maimaita shi. Haushin da na ji a ranar shi ya sa na zauna na yi wa wayar nan tankaɗe da rairaya, abin da na shekara ina cewa gobe.

Wayata Android ce mai gigabait 64, shekararta uku a hannuna. Da ma ba duka 64 ɗin ne nawa ba, domin tsarin wayar da manhajojin da ta zo da su sun ci rabonsu tun kafin in ɓare kwalinta. Sauran kuwa ni na cika shi da hannuna. Ta kai saƙon gargaɗi ya zama ɗan gida a saman allo, manhajoji sun ƙi sabuntawa, in na buɗe ma'ajiyar hotuna sai na jira kamar mai jiran bashi.

Kafin wannan na gwada manhajojin shara guda biyu, irin masu zanen tsintsiya da roka. Ba zan ambaci sunansu ba. Kowacce za ta yi ta juya da'ira a allo, ta ce ta gano gigabait kaza na datti, ka danna, talla ta fito, ka jira, wata tallar ta biyo baya, a ƙarshe ka leƙa saitin waya ka ga wurin da ya ƙaru bai taka kara ya karya ba. Ɗaya ma kullum sai ta aiko mini da sanarwa wai wayata ta yi zafi, alhali tana kan tebur tun safe ba wanda ya taɓa ta. Ƙanena ne ya gan ni ina fama ya karɓi wayar ya duba.

Ya ce, "Yaya, ai maganin yana cikin wayarki kina yawo. Ga Files nan, tun ranar da kika saye ta take ciki."

Na ce, "Wannan ai ta neman takardu ce."

Ya ce, "Taɓa wurin tsabtacewar ki gani, in ba ta yi ba ki ce ban san waya ba."

Manhajar ta Google ce. Ta fito a ƙarshen 2017 da sunan Files Go, an yi ta ne da farko domin ƙananan wayoyi masu ƙarancin wuri, sannan a 2018 aka mayar da sunanta Files by Google. Kyauta ce, kuma babu talla ko ɗaya a cikinta, wanda shi ne abu na farko da ya kwantar mini da hankali bayan wahalar da na sha. Idan ka shiga sashen tsabtacewa, a sama za ta nuna maka nawa ka cinye cikin nawa, a ƙasa kuma ta jero shawarwari kati-kati: tarkacen wucin gadi, fayilolin da suka maimaitu, manyan fayiloli, tsofaffin hotunan allo, abubuwan da ka sauke, manhajojin da ka daɗe ba ka buɗe ba. Ba ta goge komai sai ka zaɓa ka tabbatar.

Na fara da tarkacen, tunda shi ne a sama kuma shi kowa ke ɗora wa laifi. Abin da ya fita bai kai gigabait ɗaya ba. Bayan mako biyu kuma ya dawo kusan yadda yake. Da farko na ɗauka yaudara ce, daga baya na gane yadda abin yake. Yawancin wannan tarkace ajiyar wucin gadi ce da manhajoji ke yi da gangan: hoton da ka riga ka gani, shafin da ka riga ka buɗe, sai su adana kwafinsa don kada su sake jawo shi daga intanet. In ka share, za su sake saukewa, da datarka. Saboda haka sharar tarkace tana da amfani ranar da kake cikin matsi kana son wurin ɗaukar hoto biyu, amma wanda ya mayar da ita aikin kullum yana ɗiban ruwa ne da kwando. (A nan ne kuma zan ja kunnen mai shiga saitin manhaja da kansa: maɓallin share ajiyar wucin gadi daban, na share bayanai daban, kuma suna maƙwabtaka. Na taɓa danna na biyun bisa kuskure, manhajar ta koma kamar ranar da aka sanya ta, na kwana ina neman kalmar sirrin da na manta.)

Inda gizo ke saƙa shi ne katin manyan fayiloli. Tana jero su daga mafi nauyi zuwa ƙasa, kuma a wannan jerin na ga halina ƙiri-ƙiri. Fina-finai biyu da na sauke don wata doguwar tafiya, na kalla, na manta da su shekara biyu. Wani bidiyon taro na minti 50 da na ɗauka bisa kuskure, rabinsa cikin jaka ne, duhu da ƙarar makullai. Fayilolin sanya manhaja da aka turo mini, waɗanda aikinsu ya ƙare tun ranar da na sanya su. Da kuma bidiyoyin da na ɗauka da 4K, ba don na san amfaninsa ba, sai don na ga shi ne mafi girma a saitin kyamara. Hoton 4K ɗigo 3840 ne a faɗi da 2160 a tsaye, wato ninki huɗu na ƙaramin saitin kyamara mai suna 1080p, a kan allon da bai wuce tafin hannu ba kuwa idona bai taɓa bambance su ba. Abubuwa ƙasa da 30 na goge a wannan jeri, na samu kusan gigabait 9. Tarkacen da na shekara ina zagi bai kai kashi ɗaya cikin goma na wannan ba.

A nan na yi ɓarnar da ta kusa sa ni kuka, kuma laifina ne ni kaɗai. Daɗin sharar ya ɗebe ni, na shiga zaɓa ba tare da buɗewa ba. Cikin abin da na tura har da bidiyon mahaifina na minti 40, yana zaune yana ba jikokinsa labarin ƙuruciyarsa, wanda babu kwafinsa a ko'ina a duniya. Sunansa kawai jerin lambobi ne kamar sauran, ƙaramin hotonsa kuma bango ne, don a daƙiƙar farko ban saita kyamarar ba. Sai bayan kwana huɗu na neme shi. Gabana ya faɗi, hannuna ya yi sanyi. Abin da ya cece ni shi ne manhajar tana da kwandon shara: abin da ka goge yana zama a ciki kwana 30 kafin ya tafi gaba ɗaya. Na shiga na same shi, na dawo da shi, na tura kwafinsa kwamfuta a daren. Ko da babu wani alheri a manhajar sai wannan kwandon, ya ishe ni in yaba mata.

Sai dai kwandon yana da nasa sharaɗin da ya ruɗa ni a ranar farko. Abin da ke cikinsa yana nan a wayar, yana cin wurinsa. Na goge, na koma na duba, na ga lissafi bai motsa ba, na ce to ga ta nan, ita ma irin waɗancan ce. Ashe sai ka shiga kwandon ka zubar da shi da hannunka, ko ka jira wa'adin ya cika. Yanzu dabarata ita ce in goge yau, in bar shi ya kwana biyu ko uku, in sake leƙawa da idon da ya huce, sannan in zubar. Da na zubar nan take a wancan karon, da labarin ya bambanta.

Katin fayilolin da suka maimaitu ya yi aikinsa, amma kada a sa masa rai da yawa. Yana kama abin da yake kwafi ne sak. Hotuna takwas da na ɗauka a jere ina neman wanda ba a rufe ido ba, a wurinsa hotuna takwas ne daban-daban, kuma gaskiyarsa ne. Wannan aikin ido ne, sai mutum ya zauna.

Babban mai cin wurin kuwa WhatsApp ne, ko in ce ni da zaurukan da nake ciki. Gigabait 17. Files ta nuna mini kayan, amma na fi jin daɗin share su daga cikin WhatsApp ɗin kansa, domin tun 2020 yana da sashen sarrafa ma'ajiya a cikin saitinsa, inda yake ware abin da ya haura megabait 5 da abin da aka yi ta turawa hannu-hannu, sannan ya jero hirarraki gwargwadon nauyinsu. A nan ne za ka san wane ne ya cika maka waya. Zauren 'yan ajinmu na makaranta shi kaɗai gigabait 4, yawancinsu bidiyon ban dariya da ban taɓa buɗewa ba, da hoton furanni na barka da safiya wanda mutum biyar suka turo a rana ɗaya. Ban fita daga zauren ba, kunya ba za ta bar ni ba. Na dai kashe saukewa ta kai-tsaye, ta yadda bidiyo ba ya shigowa sai na taɓa shi. Cikin duk abin da na yi a wata ukun nan, wannan ƙaramin saiti ne ya fi hana wayar sake cika, kuma ba Files ce ta yi shi ba. Ita ta nuna mini inda rufin ke yoyo, toshewar tawa ce.

Telegram ya fi sauƙi, tunda kayansa suna ajiye a can wurinsu, in ka share na cikin waya kana iya sake saukewa duk lokacin da ka so.

Akwai wuraren da hannunta ba ya kaiwa, kuma ya kamata mai sanya ta ya sani. Tun daga Android 11, wanda ya fito a 2020, an taƙaita yadda wata manhaja ke leƙa ɗakin ajiyar wata. Saboda haka waƙoƙin da ka sauke a cikin manhajar sauraro, taswirar da ka adana don amfani ba intanet, ko kayan wasan da ya kumbura, duk sai ka bi su gida-gida ka share daga ciki. Za ka ga girman manhajar, amma ba za a buɗe maka cikinta ba. Ni ban ga aibu a nan ba, don ba na son kowace manhaja ta riƙa shiga kayan kowa. Game da manhajojin da ba a amfani da su, na cire 11. Waɗanda nake buƙata jefi-jefi kuma na bar wa tsarin da Google Play ya kawo a 2023, wanda ke cire mafi yawan jikin manhaja ya bar tambarinta da bayananka, in ka taɓa ta sake saukowa. Masu iPhone sun riga mu samun irin wannan tun 2017, amma su ba wannan manhajar ce tasu ba.

Shawarar da na fi yin jinkiri a kanta ita ce ta goge hotunan da aka riga aka adana a Google Photos. Dabarar tana da kyau: kwafi yana intanet, na waya ya tafi, wuri ya samu. Amma wurin can ma yana da iyaka. Gigabait 15 ne kyauta ga kowane asusu, kuma Gmail da Drive da Photos duk a kwano ɗaya suke ci. Ajiyar hotuna mara iyaka ta ƙare tun 1 ga Yuni, 2021, sannan daga 2024 kwafin ajiyar WhatsApp na masu Android shi ma ya shiga cikin lissafin. Wanda ya kwashe komai ya tura can ba tare da lissafi ba, zai wayi gari wasiƙun imel sun daina shigo masa, ya kashe wuta a ɗaki ta kama a zaure. Ga kuma tarkon da ya kamata a kiyaye: in ka goge hoto daga cikin Google Photos, yana tafiya daga can da nan baki ɗaya, maɓallin samar da wuri ne kaɗai ke cire na waya ya bar na intanet. Ni dai na raba ƙafa. Hotunan da nake yawan dubawa suna intanet, dogayen bidiyoyi suna kwamfuta, kuma na sayi memori na saka tunda wayata tana da ramin sa, Files kuwa tana kwashe kaya zuwa memori ba tare da wahala ba.

Ga wanda wayarsa ke kukan cika kuma bai san ta ina zai fara ba, ina ba da shawarar ta ba tare da shakka ba, musamman a madadin masu tsintsiya da roka. Wanda kuma yake son ya danna maɓalli ɗaya ya tashi, zai ji kamar an ba shi aiki ne, don hakan ne ma. Rabin yini na kashe a zaman farko. Yanzu minti goma ne a ƙarshen wata.

Jimillar abin da na samu gigabait 26 ne, kuma bayan wata uku 21 suna nan ba a taɓa su ba. Kyamara tana kan 1080p. Yarinyar kuwa yanzu gudu take yi, sai dai in bi ta da waya ina haki, rabin bidiyoyin ƙafar kujera ce da bayan rigarta, kuma har yau ban iya goge ko ɗaya a cikinsu ba.