Zabura da waƙar yabo, abu ɗaya ne?

'Yar'uwa, kin tambaya ko zabura da waƙar yabo duk ɗaya ne, tunda a cocinku na Asawase a Kumasi kina jin ana kiran kowace waƙa zabura. A'a, kowacce da asalinta, ko da yake akwai inda suka haɗu.

Kalmar zabura daga Larabci ta shigo Hausa. Maƙwabtanmu Musulmi a zango sun san ta tun da daɗewa, domin Alƙur'ani ya ambaci Zabura a matsayin littafin da aka ba Annabi Dawuda. Masu fassara Littafi Mai Tsarki, wanda ya fito cikakke da Hausa a 1932, sun tarar da ita a bakin jama'a, sai suka ɗauka. A Helenanci kuwa salmos ake cewa, daga kalmar da ke nufin taɓa tsirkiya da yatsa, yadda mai garaya yake yi. Wato daga hannun makaɗi sunan ya fito.

Waƙar yabo ita ce Helenawa suke kira himnos, kuma daga nan Turawa suka samo tasu kalmar. Tun kafin haihuwar Almasihu suna amfani da ita wajen kirarin allolinsu da jarumansu, daga baya ikilisiya ta karɓe ta. Wannan suna bai damu da kayan kiɗa ba, wanda ake yi wa waƙar yake kallo. Shi ya sa Agustin, bishop na Hippo a Arewacin Afirka, ya ce sai abu uku sun haɗu: ya zama yabo, yabon na Allah ne, kuma a rera shi.

Zabura a ƙirge take, guda 150, ba ƙari ba ragi, domin Nassi ce. Waƙar yabo kuwa ƙofarta a buɗe, kowane zamani da mawaƙansa. Charles Wesley, mawaƙin cocin Methodist, shi kaɗai ya rubuta fiye da 6,000, kuma har gobe ana rera wasu a babbar majami'ar Wesley da ke Adum a Kumasi. Kada ki ɗauka wannan bambanci ƙarami ne. A zamanin Calvin, ɗaya daga cikin jagororin gyaran ikilisiya, mutanen Geneva kusan zabura kaɗai suke rerawa a sujada, suna ganin bai dace a miƙa wa Allah kalmomin da ɗan Adam ya ƙaga ba. A Ingila ma sai da mawaƙi Isaac Watts ya fitar da littafin waƙoƙinsa a 1707 kafin wannan ƙofa ta buɗe sosai.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne abin da ke cikinsu. Buɗe Zabura 88 ki karanta da ƙarfi. Mutum ne yake kuka dare da rana, abokansa sun guje shi, kuma har waƙar ta ƙare bai ce ya sami sauƙi ba. Zabura 22 da tambaya ta fara, don me Allah ya yashe shi. Da wuya ki sami waƙar yabo mai irin wannan ƙarfin hali, yawancinsu kafin baiti na ƙarshe sun share hawaye. Duk da haka Yahudawa sun sa wa littafin duka suna Tehillim, wato yabe-yabe, har da kukan. A ganina, cocin da ya bar zabura ya koma waƙoƙin murna kaɗai ya hana gwauruwa da mara lafiya bakin da za su yi magana da Allah ranar Lahadi.

Inda suka haɗu kuwa, dubi Markus 14:26. Bayan jibin ƙarshe an ce Yesu da almajiransa sun yi waƙa suka fita zuwa Dutsen Zaitun, kuma kalmar da aka yi amfani da ita daga himnos take. Amma malamai da yawa suna ganin Zabura 113 zuwa 118 suka rera, waɗanda ake yi a Idin Ƙetarewa. Kin ga zabura tana iya zama waƙar yabo, amma waƙar da aka ƙaga bara ba za ta zama zabura ba, komai daɗinta.

Bulus a Afisawa 5:19 ya jero uku: zabura, waƙoƙin yabo, da waƙoƙin ruhu. A nan na uku nake sa ebibindwom, waƙoƙin coci na mutanen Fante, inda wata dattijuwa za ta miƙe ana tsakiyar wa'azi, ta ɗauki maganar mai wa'azi ta mai da ita waƙa, jama'a suna amsawa. Gajerun waƙoƙin da zumuntar mata suke yi da tafi lokacin karɓar baiko a coci ma nan suka fi dacewa, sai dai in kalmominsu daga littafin Zabura aka ɗebo su kai tsaye.