Rim na ƙarfe ko aloyi? Ɗauki na ƙarfe

Malam, ka tambaya wane rim za ka saya wa motarka, na ƙarfe ko aloyi (wato na alminiyam). Tunda Golf 3 ce kuma a gida za ka riƙa gyaran rim ɗin da kanka, ɗauki na ƙarfe ka bar aloyi.

Nawa duk huɗun na ƙarfe ne, da su na sayi motar. Bara da damina na faɗa wani rami a hanyar Illela, bakin na gaba ya lotsa, taya ta riƙa sace iska, kullum da safe sai na tsaya wurin mai faci. Da na gaji sai na sa ya cire mini tayar, na kawo rim ɗin gindin dogon yaron ƙofar gida. Na kwantar da shi, na ɗora guntun katako inda ya lotsa, ina bugawa da guduma kaɗan-kaɗan, ina juyawa ina dubawa. Katakon nan kada ka raina shi: guduma kai tsaye tana barin tabo daidai inda bakin taya ke zama, iska ta samu hanya. Na bi shi da burushin ƙarfe da samfefa har tsatsa ta fita, na shafa jan fenti mai hana tsatsa, ya kwana, sannan baƙi. Da aka mayar da taya na zuba ruwan Omo a kewayen bakin, kumfa ko ɗaya bai taso ba. Balansin kaɗai na kai shago. Har yau shi ke ƙarƙashin motar, Wurno da Tambuwal na je da shi ba adadi.

Aloyi yana da kyau a ido, kuma bai kai na ƙarfe nauyi ba. Iyakarsa ke nan. Na taɓa sayen guda biyu, na yi nadama. Alminiyam ne: ka buga shi ya tsage, ka sa masa wuta kuma ba ya yin ja balle ka san ya yi zafi, yana kaiwa wajen digiri 660 sai ka ga ya narke. Tsagar kuwa sai waldar agon, wato wadda ake yi da iskar gas ta agon, injin gida ba ya yin ta.

Ka yi hattara da wasu masu sayar da na hannu. Suna cike tsaga da fila, abin da masu gyaran jikin mota ke shafe lotsa da shi, su fesa fenti mai ruwan azurfa, ya fito fes. Juya shi ka duba ciki, ka rataye shi ka ƙwanƙwasa da sifana: lafiyayye yana amo, mai tsaga ƙararsa a dushe take. Sannan ka kula da ramukan noti: Golf 3 mai rami huɗu 4x100 ce, wato ramuka huɗu a kan da'ira mai faɗin milimita 100. Na Peugeot 406 ma huɗu ne, amma 4x108. Duk wanda ya ce zai faɗaɗa maka ramukan, karɓi kuɗinka ka tafi.

Kuma don Allah, ko walda ko gashi, kada wuta ta taɓa rim da taya a jikinsa, ko an sace iskar. Tana iya fashewa ta kashe mutum. A fara cire ta gaba ɗaya.