Ajin Turancin Yaba Abinci da Na Shiga a WhatsApp

'Yan uwa masu tallar girki a Instagram, kun san ajin nan da ake ta yaɗawa, na koyon yadda Turawa ke kuranta abinci a hirar yau da kullum. Na biya na shiga, don kwastomomina a nan Kaduna ba duka ke jin Hausa ba, kuma na gaji da rubuta delicious a ƙarƙashin kowane hoto.

Ranar da Malama ta ɗauko batun laushi da taurin abinci, wallahi na ji daɗi har raina. Ta ce masar da ta tashi ta yi taushi fluffy ce, ɓawon samosa mai ƙamas-ƙamas crispy, cincin da ƙuli-ƙulin da ake gurgura crunchy, naman da ya dahu luguf kuma tender. Ta ja mana kunne kan sweet: a Najeriya komai mai daɗi da shi ake yabonsa, amma wajen Bature zaƙin sukari ne, don haka bai dace da farfesu ba. Sai ta kawo moreish, ta mutanen Ingila, wato abin da in ka fara ci hannu ba ya tsayawa. A daren na ɗora ta a kan hoton dambun namana, wata Bayarabiya ta yi oda tana dariya, ta ce an faɗi gaskiya.

Amma fa raina ya ɓaci daga baya. An yi mana alkawarin saƙon murya don mu ji yadda ake furtawa, har aka rufe aji shiru. Scrumptious, wato mai daɗin gaske, tana nan a littafina, na kasa faɗinta a bidiyo. Ina amfanin kalmar da baki ya ƙi ɗauka? Misalan kuma kusan duk kek ne da pizza. Na tambayi yadda zan yabi yauƙin miyar kuɓewa, tunda slimy ƙyama take sawa, sai aka ce in rubuta yummy. Haba Malama! Wannan ai ko ɗiyata ta firamare ta san ta.

Mai kek da kayan ƙwalama ta shiga, za ta ƙaru. Mai tuwo da miya ta riƙe kuɗinta tukuna, sai an turo muryoyin nan.