Hayar injin zuƙe ruwa a Harobanda: aikin da ya cancanci yabo

Duk wanda yake zaune a Harobanda, wato gefen dama na kogin Isa a Yamai, ya san abin da damina take kawowa, musamman tun shekarar 2020 da madatsar Lamorde ta ɓalle, ruwa ya mamaye gidaje har zuwa unguwar Kirkisoye. Wannan ne ya sa nake so in yi magana a kan wasu samari da suke ba da hayar injin zuƙe ruwa, irin wanda manoman shinkafa suke ban ruwa da shi, waɗanda muka kira bayan ruwan sama ya kwanta a tsakar gidanmu.

Sun zo da injin da dogon tiyo a kan amalanke, kuma abin da ya fi burge ni shi ne, kafin su tayar da injin sai da suka bi layi suka duba inda ruwan zai fita, domin kada a kwashe shi daga gidanmu a zuba wa maƙwabci. Ga mai gidan laka gaggawar kwashe ruwan tana da muhimmanci ƙwarai, saboda ruwan da ya kwana a gindin bango yana jiƙa tubali har ya rushe, ga kuma sauro da zazzaɓin cizonsa.

Kuɗin mai a kan mai gida yake, kuma ya kamata su riƙa faɗin haka tun farko. Injin ma ba ya jan taɓo, sai da muka kwashe sauran da shebur. Duk da haka, zan sake kiransu, kuma ina ba maƙwabta shawarar su haɗa kuɗi su yi hayar tare.